Yadda Malama Hilda Ta Kwashe Malaman Dattijo Gilbert

A Gombe, in aka kira mutum intabiyun neman aiki, da wuya ya kwana biyu wani bai ce masa ya leƙa Jekadafari wurin Malama Hilda ba. Shagonta ɗan ƙarami ne, manne da shagon ɗinkin Hajiya A'i. Kwamfuta biyu ce a ciki, da firinta, da injin fotokwafi mai yawan cin takarda. Mutane da dama suna zaton tun asali sana'arta ke nan. Ba haka ba ne. Malamar makaranta ce, kuma da don son ranta ne, da har yau tana gaban allo da alli a hannu.

A Kaltungo aka haife ta. Karatun koyarwa ya kawo ta Gombe, a nan ta haɗu da Titus, direban motar wani asibiti, suka yi aure suka kama haya a Bagadaza. Shekarar da ta gama karatu, wani dattijon majami'arsu mai suna Gilbert ya buɗe makarantar kuɗi. Ɗaki uku ne na langa-langa, da yara goma sha tara. Hilda ce malama ta farko da ya ɗauka. Ita ke share azuzuwa, ita ke jan benci, ita ke bin gidaje ranar Asabar tana lallashin iyaye su kawo 'ya'yansu. Shekara goma sha biyu tana wannan fama, har makarantar ta zama bene, aka buɗe sakandare, Gilbert ya gina gida a GRA. Ita kuma aka ba ta shugabancin ɓangaren furamare. Baba take ce masa, kuma har cikin zuciyarta uba ta ɗauke shi.

A shekarar 2019 wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi ta nemi wanda zai riƙa horar da malaman karkara. Hilda ta nema, aka kira ta intabiyu. Kafin ta miƙa takardunta sai da ta je ofishin Gilbert ta faɗa masa, ta roƙe shi izinin sa sunansa a matsayin wanda zai ba da shaida a kanta. Ya yi murmushi, ya ce ai abin farin ciki ne, har ya dafa kanta ya yi mata addu'a.

Mako uku ta yi tana shiri. Ta haddace duk abin da ƙungiyar ke yi a jihar. In an taso majami'a ranar Lahadi sai ta zaunar da Titus a tsakar gida, ya riƙa karanto mata tambayoyi tana amsawa, har ya gaji ya ce shi dai ya ɗauke ta aiki, ta bar shi ya ci abinci. Hajiya A'i, wadda ta daɗe tana yi mata ɗinki har suka zama aminai, ta ɗinka mata sabuwar atamfa ruwan bula.

A wani otal a GRA aka yi intabiyun. Mutum uku ne a bayan tebur, mace a tsakiya. Tambayoyin farko Hilda ta amsa su kamar tana cikin ajinta, har ta ga na gefen dama yana gyaɗa kai. Can sai matar ta cire tabarau ta ce, "Malama, mun yi magana da mai makarantarku. Ya ce an taɓa kama ki kina sayar wa iyaye tambayoyin jarrabawa, ya rufa miki asiri saboda Allah. Me za ki ce?"

Hilda ba ta taɓa yin abin ba, ba a taɓa ma zargin ta ba. Amma duk shirin da ta yi babu wannan a ciki. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Baba ne ya faɗi haka?" Matar ta rubuta wani abu, ta ce za a neme ta. Ba a neme ta ba.

Ranar Litinin da safe ta tare Gilbert a bakin get, daidai lokacin da iyaye ke sauke yara. Ta kira shi maƙaryaci da ƙarfi, har masu keke suka tsaya kallo. Kafin a tashi tara an miƙa mata takardar kora a gaban malamai goma sha huɗu. Babu wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Ta kwashe littattafanta a buhu, ta fita.

Labarin sayar da tambayoyi ya riga ta zuwa ko'ina. Makaranta uku ta je, kowa ya ce babu gurbi. Wata huɗu tana zaune a gida, ta rame, ta daina zuwa taron zumuntar mata. Hajiya A'i ce ta je har Bagadaza ta same ta.

"Ke Hilda, tashi. Shagon da ke jikin nawa ya zama fanko. Kin iya kwamfuta, kin iya Turanci. Zaman nan kashe ki zai yi, shi kuwa yana can yana ƙara tumbi."

Haka ta fara buga wa mutane takardu. Ba ta jin daɗin aikin, amma ya fi zaman gida.

Wata rana da azahar sai ga Malam Iro ya shigo, yana waige-waige. Shi ne malamin lissafi na makarantar Gilbert, ɗan asalin Katsina, kuma saboda shi ne rabin iyayen sakandare suke kai 'ya'yansu can. Bai san shagon na Hilda ba ne. Da ya gan ta sai ya yi kamar zai koma.

"Shigo mana, Malam. Ba cizo nake ba."

Ya miƙo takardun shaidar karatunsa a yi masa fotokwafi. Tana ganin su ta gane. Ta matsa masa har ya faɗa mata cewa wata babbar makaranta a hanyar Bauchi ta kira shi intabiyu, saura kwana goma. Ya ce amma ba ya sa rai. Sau biyar yana zuwa irin wannan, da an zuba masa ido sai in'ina ta kama shi, ya manta har sunan kwalejin da ya yi.

Hilda ta tsaya da takardun a hannu. A lokacin ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka kore ta. Ta tuna cewa in Malam Iro ya tafi, babu wanda zai riƙe 'yan aji shida a lissafi, ga jarrabawar ƙarshe saura wata uku.

"Wa ka sa zai ba da shaida a kanka?"

"Oga Gilbert."

Ta ɗauki biro ta nemo sunan a takardar neman aikinsa, ta soke shi har takardar ta huje. "Ka nemo malaminka na kwaleji da limamin unguwarku. Gobe in an tashi makaranta ka dawo nan. Ba na son ko sisinka."

Washegari ta jawo tebur tsakiyar shago, ta kira Hajiya A'i ta zauna gefenta, ta ce mata kada ta yi magana, ta dai haɗe rai ta zuba masa ido. Hajiya A'i kuwa gwana ce a wannan. Malam Iro ya shigo ya zauna.

"Wa ya ce ka zauna? Fita ka sake shigowa."

Ya fita ya dawo.

"Faɗa mana, kai wane ne?"

"Su... su... sunana..."

"Tsaya. Ja numfashi. Ba mu nake so ka gani ba, 'yan aji uku ne a gabanka, kana koya musu wani abu da ake kira Malam Iro. Sake."

Kwana tara suna haka. Ta hana shi kaɗa ƙafa, ta hana shi kallon ƙasa, ta sa ya bar hular da ta koɗe ya aro wata. A rana ta bakwai, yana tsakiyar bayani mai kyau, ta buga tebur ta ce, "An ce mana kana dukan yara har ka taɓa karya wa wani hannu."

Malam Iro ya miƙe tsaye. "Wallahi ƙarya ne! Malama, ke ma kin san..."

"Na sani. Zauna. Abin da ya kayar da ni ke nan. In aka jefo maka ƙarya, kada ka yi rantsuwa, kada ka yi shiru. Ka ce ba gaskiya ba ne, ka ba su sunan mutum biyu da za su tambaya, ka dube su a ido. Sake."

Malam Iro ya samu aikin. Hilda da kanta ta buga masa takardar ajiye aiki, mai cike da godiya da addu'a. Shekara goma sha biyu ita ke rubuta wasiƙun makarantar, don haka ta san Gilbert zai gane salonta tun daga layin farko. Abin da take so ke nan.

Daga nan ta daina jiran su zo, ta koma farauta. Ta shiga duk wani zauren waya da ake sa tallar aiki. In ta ga gurbin da ya dace da wani malamin Gilbert, sai ta tura wa Malam Iro, shi kuma ya isar. Najiba mai koyar da Turanci, wadda muryarta ke da daɗi, ta shirya ta har ta samu aiki a wani gidan rediyo. Malamin kimiyya ya tafi wani kamfanin magunguna. Malamar nazare, wadda ƙananan yara ke kuka in ba ta zo ba, wata makaranta a Tumfure ta ɗauke ta. Cikin shekara uku malamai tara suka tafi, kuma babu wanda ya tafi lokacin hutu. Hilda takan ba su shawara su jira a shiga tsakiyar zango.

Titus mutum ne mai sanyi, abin ya fara damun sa. Ya ce mata, "Maman yara, ya isa haka. Ki bar shi da Allah."

Ta ce, "Na bar shi da Allah tun tuni. Ni aiki nake sama wa mutane. Akwai wanda ya zo ya ce maka na cuce shi?"

Hajiya A'i ta fi shi fito-na-fito. Wata rana tana guga ta ce, "Shi kam ya cancanci fiye da haka. Amma 'ya'yan mutane fa? Na ji an ce 'yan aji biyar wata biyu ba su da malamin lissafi."

Wannan ta taɓa Hilda, don wasu daga cikin yaran ita ta koya musu riƙe fensir. Duk da haka ta ce, "Iyayensu su cire su. Makarantu sun cika gari." Iyayen kuwa sun riƙa cirewa.

A gefe guda sunanta ya fara yawo. Waɗanda ba su taɓa jin sunan Gilbert ba suka riƙa zuwa: masu neman aikin banki, da na jinya, da na gadi ma. Su tana karɓar ladan aikinta, tana kuma yi musu da gaske. Amma Hajiya A'i takan ce da ganin yadda Hilda ta zauna a kujera za ka san ko na gaban nata daga makarantar Gilbert yake. Duk ranar Lahadi kuma, in an fito majami'a, sai ta je har inda ya ajiye mota ta rusuna ta ce, "Baba, ina kwana? Yaya makaranta?" Yakan amsa da "Lafiya," ya shige mota.

Da abin ya yi masa yawa, Gilbert ya kirawo 'yarsa Lizzy, wadda ta gama jami'a a Jos, ya damƙa mata makarantar. Yarinyar ta san aiki. Ita ce hedimasta, ita ke koyar da Turanci da kimiyya, ita ke bin iyaye tana ba su haƙuri. Cikin shekara guda makarantar ta fara farfaɗowa. Hilda na jin labari, kuma ba ta ga ta inda za ta ɓullo ba.

Wata Asabar da hantsi, keke ya tsaya a ƙofar shagon, wata budurwa ta sauko ta yane kai da gyale. Sai da ta shigo ta yaye, Hilda ta gane ta. Ita ta koyar da ita a aji huɗu na furamare.

"Anti Hilda, ina kwana."

"Lafiya. Babanki ne ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba."

Lizzy ta ce wata cibiyar horar da malamai a Abuja ta kira ta intabiyu. Ta ce ta gaji. Ba ta da hutu, ba ta da ta cewa, duk shawarar da ta kawo sai ya rushe ta a gaban ma'aikata. Da ta ce masa tana son ƙaro karatu, cewa ya yi makarantar ce karatunta.

Hilda ta dube ta. Ta so ta ji tausayi kawai, amma abin da ya fi yawa a ranta murna ce, kuma ba ta ga amfanin ɓoyewa ba.

"Kin san in na taimake ki, ba don ke kaɗai ba ne."

"Na sani, Anti. Don Baba ne. Na san abin da ya yi miki, ina ɗaki lokacin da ya yi wayar."

Hilda ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Duk shekarun nan babu wanda ya taɓa cewa a gabanta ya san ƙarya aka yi mata. Ta tashi ta leƙa waje ta ce, "Hajiya, in kin gama zo ki zauna mana."

Ba ta taɓa gasa wa wani kamar yadda ta gasa wa Lizzy ba. Ta sa ta sake rubuta tarihin aikinta sau huɗu. Da yake ta waya mai hoto za a yi intabiyun farko, ta koya mata inda za ta ajiye wayar da inda za ta kalla. Tambaya ɗaya ce ta riƙa kayar da yarinyar: "Me ya sa za ki bar makarantar mahaifinki?" Karon farko Lizzy ta fashe da kuka. Karo na biyu ta fara zayyano halayen uban.

"A'a," in ji Hilda. "Ba a zagin tsohon wurin aiki a gaban sabo, balle uba. Ki faɗi abin da kika gyara, da abin da kika koya, da abin da kike so ki ƙara. Zagin ki bar mini."

Da aka zo maganar mai ba da shaida, Hilda ta rubuta sunanta da lambarta. Bayan mako biyu aka kira ta daga Abuja. Ta fita bakin shago don hayaniyar janareto, ta yi minti goma tana faɗin abin da ta sani game da Lizzy tun tana 'yar shekara tara. Ba ta ƙara komai ba, ba ta rage ba.

Lizzy ta samu aikin. Kwana uku bayan tafiyarta, da la'asar, motar Gilbert ta tsaya a ƙofar shagon. Ya tsufa ƙwarai, rigar ta yi masa yawa. Akwai mutum biyu suna jiran fotokwafi, bai damu da su ba.

"Hilda, har da 'yata?"

"Sannu da zuwa, Baba. Ga kujera."

"Ba zama ya kawo ni ba. Me na yi miki da zafi haka? Magana ɗaya ce a waya. Ba na so ki tafi ne, wa zai riƙe mini furamare? Da kin yi shiru da bakinki ranar nan, da har yau kina wurinki."

Hilda ta daɗe tana tsara abin da za ta faɗa masa in wannan rana ta zo. Da ta ji bai ma ɗauki abin a bakin komai ba, sai duk ta watsar. Ta ce, "Ka dafa kaina ka yi mini addu'a, Baba. Sannan ka mai da ni ɓarauniya a garin nan."

"To yanzu me kike so?"

"Ranar Lahadi ka tashi a gaban ikilisiya ka ce ƙarya ka yi mini."

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Ni? Dattijon ikilisiya?"

"To Allah ya kiyaye hanya."

Ya juya ya fita. Lahadi ta zo ta wuce, bai tashi ba. A ƙarshen wannan zango ya rufe ɓangaren sakandare, ya ba wani mai sayar da taliya da shinkafa hayar benen ya mai da shi sito. Furamaren tana nan tana ɗingishi. Fasto ya zaunar da su sau biyu don sulhu. Hilda ta je, ta saurara, ta ce ita sharaɗinta ɗaya ne kuma Baba ya san shi.

A bara Malam Iro, wanda yanzu mataimakin shugaba ne a makarantarsu, ya zo shagon da albishir. Ya ce suna neman wadda za ta shugabanci sabon ɓangaren furamare, ya kuma riga ya yi magana da masu makarantar. Ba sai ta yi intabiyu ba, zuwa kawai za ta yi ta ga ofishinta.

Hilda ta tambaye shi yawan azuzuwan, da yawan yara a kowane aji, da ko akwai ɗakin karatu. Idonta har ƙyalli yake tana tambaya. Hajiya A'i ta tsayar da keken ɗinki tana saurare ta taga.

Can Hilda ta ce, "Na gode, Malam. Amma ba bana ba."

"Haba Malama! Me kuma ya rage?"

"Cikin goma sha huɗun da ke wurin ranar da aka kore ni, saura biyu a hannunsa. Ɗaya tana da intabiyu ranar Alhamis."

Hajiya A'i ta yi tsaki ta ci gaba da ɗinkinta. Malam Iro ya zauna ya sha ruwa, suka yi hirar ɗalibansa da suka ci jarrabawa, sannan ya yi mata sallama don ya samu sallar la'asar a jam'i.